Ranar da Na Mayar wa Dattawa Saƙonsu

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma ni ba mai son a ji bakina ba ce. Amma har yau a Unguwar Boro idan yarinya ta yi wa babba gardama, sai a ce mata, "Kada ki zama Larai." Tun da da sunana ake yi wa yara faɗa, gara a ji yadda abin ya faru daga wurina.

A shekarar da sojoji suka koma bariki aka rantsar da farar hula, kowa ya tono abin da ya daɗe yana son yi. Yaya Sylvanus, ɗan wan babana, shi ne shugaban matasa a majami'armu. Yana aiki a wani sito kusa da matatar mai a Rido, kuma ya koyi hawan dutse lokacin da ya yi bautar ƙasa a Filato. Burinsa ya kwashi matasa su yi tafiyar ƙafa ta kan duwatsun Kagoro, su ratsa ƙauyukan da ke sama, su sauka ta ɗaya gefen. Tafiya ce ta mako guda ko fiye. Zamanin soja iyaye sun ƙi. Suka ce samari da manyan jakunkuna a baya, a shingen farko za a kwantar da su a kwalta. Da gwamnati ta canza ya sake tayar da maganar, aka ce to, bayan damina.

Ni ɗinki nake yi a barandar gidanmu da keken Mama. Wata rana ya zo ya zauna a benci ya ce, "Larai, za ki iya ɗinka jakar goyo?"

Na ce, "Ta 'yan makaranta?"

"Ta mutanen da za su kwana a dutse. Ki ɗinka mana, ki faɗi abin da kike so."

Na daɗe ina kallon allurar keke. A ɗaya daga cikin ƙauyukan nan na sama aka haifi Mama. Kakata tana can da ranta, ta tsufa ba ta iya saukowa, Mama kuma gwiwa ta hana ta hawa. Ban taɓa ganin matar ba. Ni iyakata kasuwar Kakuri da Sabon Tasha.

Na ce, "Ku tafi da ni."

Bai ji ba, sai da na maimaita. Ya yi dariya, sannan ya daina. A taron matasa na ranar Lahadi ya miƙe a gaban kowa ya ce, "Duk wanda ya iya ɗaukar jakarsa zai tafi. Babu mace babu namiji. Larai tana ciki." Da kunnena na ji, kuma ba ni kaɗai na ji ba.

Yaya Sylvanus yana da doka ɗaya: duk abin da zai hau bayan mutum sai ya fara hawa ma'auni. Ya aro ma'aunin rataye wurin wani mahauci a Trikania, ya ɗaure shi a reshen mangwaron da ke harabar majami'a. Jaka da abinci da ruwa, kada su wuce kilo goma. Yadin lema muka samo wurin Malam Lawal mai gyaran lema a Makera, ba nauyi, ruwa kuma ba ya ratsa shi. Madaurin kafaɗa daga bel ɗin tsofaffin motoci na yanko, na naɗe da soson katifa. Jakar farko na yi mata zif da aljihuna da ado a baki, ina jin daɗin aikina. Ya rataya ta ya ce in farke duka, in sa igiya a baki kawai. Na ji haushi, amma da na farke na ɗaga na ji bambancin.

Haka ya bi komai. Maimakon tanti, leda mai faɗi da igiya da gidan sauro. Tukunya ɗaya ga mutum uku. Murhu na gwangwanin madara da ya huda da ƙusa. Sabulu a yanka ƙanana, kowa ya ɗauki yanki. Cokali ɗaya, kofi ɗaya, kayan canji ɗaya. Abinci sai busasshe: garin rogo, acca, ƙuli-ƙuli, kilishi, dakuwa. Ya hana sardin saboda gwangwaninsa, ya hana burodi saboda cin wuri. Ya zaɓi lokacin kaka domin rafuka ba su ƙafe ba, ba sai mun yi dakon ruwa da yawa ba. Ya zauna da tsofaffin da suka san hanyar, suka gaya masa inda ake samun ruwa da inda dare bai kamata ya same mu ba. Ba zan rage masa komai ba, ya san aikinsa.

Kowace Asabar muna cika jakunkuna da yashi mu kama hanyar Rido mu dawo. 'Yan acaɓa suna yi mana ihu, "Sojoji sun tafi, ga sababbi sun zo!" Makon farko kafaɗata ta saɓule, ƙafata ta yi ƙuraje a cikin kambas ɗin gwanjo. Ban gaya wa kowa ba. Mu biyu ne mata, ni da Grace mai karatun jinya, ita ce mai riƙe da magani. A cikin samarin kuma Nicholas ne zai yi mana jagora. Wasu samari sun gaji sun janye. Ni ban taɓa fashi ba. Jakata ita ce ta ƙarshe da na ɗinka, daidai tsawon bayana, na rage mata madauri saboda kafaɗata ƙarama ce.

Ana saura mako guda mu tashi, Baba Filibus, dattijon ikilisiya mai karanta sanarwa, ya gama sanarwar bikin godiya, ya cire tabarau ya ce, "Sannan 'ya'yanmu za su hau gida ranar Asabar. Duk mai saƙo zuwa sama, ga dama ta samu." Babu wanda ya sa shi, babu wanda ya tambaya. Mata suka yi guɗa. Na juya na kalli Yaya Sylvanus. Ya sunkuyar da kai yana duba littafin waƙa.

A wurinmu ba a ƙin saƙo. Rabin mutanen majami'armu suna da dangi a ƙauyukan nan, kuma mota ba ta hawa. Idan aka ji mutum zai je, ba a tambayarsa ko zai iya, kawowa ake yi a sa masa albarka. Da yake ni kullum ina gida a kan keke, Yaya Sylvanus ya ce wa mutane su riƙa ajiyewa a wurina.

Kafin Laraba barandarmu ta cika. Mama Celina ta zumuntar mata ta kawo tukunyar ƙarfe da galan ɗin kananzir na ƙanwarta. Aka kawo sandunan sabulu, fitilun ƙwai, turamen atamfa, bokiti, rediyo da batiransa, har da kujerar roba. Mama da kanta ta auno gishiri rabin buhu ta ce na kakata ne. Ranar Laraba da yamma sai ga Baba Filibus yana gangaro rim ɗin tayar babbar mota. Ya ce majami'ar ƙauyensu ba ta da ƙararrawa, a kai wannan a rataya a bishiya a riƙa bugawa. Ya jingina shi da keken ɗinkina ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata." Na durƙusa na ce amin. Abin da na iya faɗa ke nan.

Na je na sami Yaya Sylvanus na ce, "Yaya, ka zo ka ga kayan nan."

Ya zo ya gani, ya kama ƙugu, ya taɓa rim ɗin da ƙafa. Mutumin da ya sa na farke zif saboda nauyi. Ya ce, "Zan san yadda zan yi."

"Ka gaya musu ba za mu iya ba."

"In gaya wa Baba Filibus? Shi ya yi mini baftisma, Larai. Bari kawai, zan san yadda zan yi."

Ranar Juma'a da la'asar muka taru a gindin mangwaro domin awon ƙarshe. Kowa ya ajiye jakarsa a layi. Na ga Ben a wurin, ɗan Mama Celina da ya dawo hutu daga jami'a. Bai taɓa zuwa yawon Asabar ba ko sau ɗaya. Na ɗauka kallo ya zo.

Yaya Sylvanus ya yi addu'a, ya yi gyaran murya, ya ce an sami mafita a kan saƙo. Za a loda kayan a saman mota har garin da ke gindin dutse. Mutum ɗaya zai zauna da su a gidan fasto na can, ranar kasuwa idan mutanen sama suka sauko ya ba kowa nasa. Sauran kuma su hau. "Mun duba mun ga Larai ce ta fi dacewa," in ji shi. "Ita ta karɓi kayan, ta san na kowa. Kuma tana da haƙuri."

Bai kalle ni ba. Ya ci gaba da cewa tun da gurbi ya samu, Ben zai shiga. Kafin ya rufe baki Ben ya sunkuya ya ɗauki jakata, ya saɓa, ya fara jan madaurin.

"Wannan ta yi mini kaɗan fa," ya ce. "Sista Larai, abeg, ki ɗan ƙara mini tsawon igiyar kafin safe."

Wasu suka yi dariya. Ni ban san lokacin da na isa gabansa ba.

Na ce, "Sauke."

"Eh?"

"Sauke mini jakata."

Ben ya kalli Yaya Sylvanus yana murmushi. "Broda, telarku ta yi fushi."

Na kama madaurin na fizga. Ya yi tangaɗi, jakar ta zame daga kafaɗarsa, na rungume ta. Kowa ya juyo yana kallona. Tun da nake a majami'ar nan ba a taɓa jin na ɗaga murya ba, ko a ƙungiyar mawaƙa a layin baya nake tsayawa.

Yaya Sylvanus ya ce, "Larai, mene ne haka? A gaban mutane?"

"A gaban mutane ka ce ina ciki."

"Yanayi ne ya canza."

"Wa ya canza shi? Ni na yi sanarwa? Su wa suka duba suka ga na dace? Yaushe aka duba? An kira ni?" Muryata tana karyewa, na tsani yadda take karyewa, amma ban tsaya ba. "Ka ce duk wanda ya iya ɗaukar jakarsa. Na ɗauka. Ga kafaɗata, ka zo ka duba. Wannan ko yashi bai taɓa ɗauka ba."

Ben ya ce, "Ni ina ruwana? Kira na aka yi."

Grace ta ce, "Gaskiya, Broda Sylvanus, ba a kyauta ba. Ni ma sai yanzu nake ji."

"To ke ki zauna da kayan mana," wani daga baya ya ce.

"Wa zai ɗaure maka ƙafa idan ka gurɗe? Babarka?" Grace ta mayar masa.

Yaya Sylvanus ya ja ni gefe, ya sassauta murya. "Ki fahimce ni. Dole wani ya zauna. Grace tana da magani, Nicholas ya san hanya, sauran maza ne, idan wani abu ya faru ana buƙatar ƙarfi. Kakarki kuma za a gaya mata kina ƙasa."

"Ba ta iya saukowa. Ka sani."

"To wata shekara."

"Ka zaɓe ni ne don ka san ba zan yi magana ba."

Bai ce a'a ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Da ya musa, da wataƙila na yi kuka na haƙura kamar kullum. Amma ya tsaya yana murza igiyar ma'auni, yana jira fushin ya wuce kamar yadda ake jiran ruwa ya ɗauke.

Na ce, "Kai ka ji tsoron Baba Filibus, ni kuma in biya."

Nan ya fusata. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "To shi ke nan! Tun da kin yi baki yau, kayan suna gidanki. Ki je ki gaya wa Baba Filibus da bakinki cewa ba za a kai ƙararrawarsa ba. Ki gaya wa Mama Celina. Ki bi gida gida. Idan kin iya, ki same mu a gareji, kujerarki tana nan. Idan ba ki iya ba, ki kawo wa Ben jaka."

Samarin suka yi dariya, domin kowa ya san ni. Ko gaisuwa idan zan yi wa dattijo sai an ce in ɗaga murya. Na saɓa jakata na fita ban tsaya addu'ar rufewa ba.

Labari ya riga ni isa gida. Mama tana tuƙa tuwo, ba ta ɗago ba ta ce, "Na ji kin yi dambe a harabar majami'a."

"Ban yi dambe ba. Jakata na karɓa."

"Sylvanus yayanki ne. Abin da ya tsara shi za ki bi. Kai saƙo aikin Allah ne."

"Me ya sa shi ba zai yi aikin Allahn ba?"

Ta ajiye muciya. "Ke Larai. Wa ya koya miki wannan bakin?"

"Mama, ba kya so in ga Kaka?"

"Ina so ta ga gishiri. Kin san wahalar gishiri a sama? Ki hau ki je wa tsohuwa hannu rabbana, ta kalli fuskarki ta zuba a miya?"

"Gishirinki kaɗai ya fi jakata nauyi."

"Da muna 'yan mata, da buhu a ka muke hawa dutsen nan."

"Yini ɗaya kuke hawa ku sauke. Mu mako za mu yi muna tafiya."

"To ki zauna a ƙasa yadda aka ce. Idan kika mayar wa mutane kayansu, da wane ido zan shiga zumuntar mata?"

Ban ci tuwon ba. Na zauna a baranda tsakanin bokiti da kujerar roba ina kallon kayan. Babu ko ɗaya a cikin masu kayan nan da ya tambaye ni ko zan iya. Duk sun sa mini albarka, na ce amin, sun tafi hannu sake. Na yi fushi da su, na yi fushi da Mama, na yi fushi da Yaya Sylvanus da ma'auninsa da ya iya auna sabulu amma bai iya buɗe baki a gaban dattijo ba. Ina jin tsoro kuma, ba zan ɓoye ba. Duk lokacin da na tuna fuskar Baba Filibus sai in ji kamar in haƙura. Amma idan na tuna Ben yana jan madaurin jakata, sai tsoron ya ja baya.

Washegari gari na wayewa na je wurin masu buga bulo a bayan layinmu na aro baro. Na fara ɗora rim ɗin, domin na san idan ban fara da shi ba, ba zan fara ba. Tayar baron tana ƙara duk layin, mutane suna leƙowa da asuwaki a baki.

Baba Filibus yana zaune a ƙofar gida da rediyonsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon baron.

Na ce, "Baba, na dawo da ƙararrawa. Ba za mu iya hawa da ita ba."

"Me kika ce?"

Na ɗaga murya. "Ta yi nauyi, Baba. Ba za a kai ba."

"Sylvanus ne ya aiko ki?"

"Ni na kawo kaina."

Ya miƙe. Ya ce tun da aka haife shi bai taɓa ganin an mayar da saƙo ba. Ya ce mulkin farar hular ke nan, yara su taka manya. Ya ce zai kai maganata gaban dattawa, ya kira sunan babana da ya rasu ya ce ya ji masa kunya. Ina durƙushe har ya gama. Sannan na tashi na gangara rim ɗin na jingina da bangonsa, na ce, "Zan gaishe su, Baba." Na ja barona.

Mama Celina ta karɓi tukunyarta ta ce baƙin ciki nake yi wa ɗanta. Mai rediyo ta ƙi fitowa, na ajiye a bakin ƙofa. Wata tsohuwa mai fitila ta yi dariya har da tafi, ta ce dama ta yi mamakin yadda za mu yi. Ita kaɗai ce. Sauran kowa da kalmar da ya jefe ni da ita, har na daina ji. Na yi ta komawa gida ina lodi ina fita, rana ta ɗaga, rigata ta jiƙe, har barandar ta koma ba komai sai keke da buhun Mama.

Na ja buhun na kai mata ɗaki. Na ɗebi gishiri cikin kofi na ƙulle a leda, na cire zanen canjina daga jaka na sa ƙullin a gurbinsa. Na ce, "Mama, na tafi." Tana zaune a bakin gado ta juya mini baya.

Na mayar da baro, na hau acaɓa zuwa gareji. Motar ta kusa cika. Ben yana tsaye a bakin ƙofar motar da jakar makaranta a hannu. Yaya Sylvanus ya kalli bayana yana neman kayan, ya kalli fuskata, ya buɗe baki.

Na ce, "Na mayar. Duka."

"Har na Baba Filibus?"

"Yana jiranka idan mun dawo."

Na ce wa Ben ya matsa, ya matsa. Na shiga na zauna kusa da Grace a jikin taga, ban gaishe da kowa ba.